Tsohuwar tarakta: ina za ta shiga, ina ba za ta shiga ba?

Manoma da makiyaya, ku saurara.

A ƙasashen sanyi, kamar Kanada, akwai wata ƙanƙara mai laushi kamar garin hatsi da ke zubowa daga sama. Sunanta dusar ƙanƙara. A dare ɗaya sai ta binne hanyar ƙauye. Yara ba su zuwa lakkol, mara lafiya ba ya isa likita. Sai manomi ya ɗaura wa tsohuwar taraktarsa faffaɗan ƙarfe, ya ture ƙanƙarar gefe, hanya ta buɗe. Har yau wasu suna wannan aiki da ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, wadda aka ƙera a Ingila daga 1946 zuwa 1956. An ƙera fiye da dubu 500. Ta daɗe ne don ba ta da wuyar gyara.

Mu a Madarunfa ba mu san ƙanƙara irin wannan ba. Namu rairayi ne da laka. Amma ƙannen waccan tarakta, jajayen Massey Ferguson, sun iso har ƙasarmu, kuma ana ɗaukar su haya.

To, ina amfaninsu yake? A fadama. Lakar Gulbin Maraɗi in ta bushe sai ta yi tauri, shanu su gaji, garma ta ƙi shiga. Nan tarakta take da rana. Haka ma a Jiratawa, inda aka buɗe filin noman rani a 1982, eka-eka har hekta sama da 500. Mai son shuka da wuri ya san darajarta.

Amma jigawa fa? Nan ne nake ja da masu ɗoki. Ƙasar jigawa albarkarta a sama take, ba ta da kauri. Faifan tarakta yana juye ta, ya binne takin da shanun makiyaya suka zuba, ya fito da rairayi tsura. Iskar farkon damina ta zo ta kwashe, ta rufe hatsin da ya tsiro, a sake shuka. Irin ya tafi, kuɗin gazuwal ya tafi.

Sannan ga itatuwa. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani, suna barin tohon kalgo da sabara da gawo ya girma cikin gona. Direba yana sauri ne, don yawan fili ake biyansa. Ba ya kewaye ɗan gawo. Reno na shekara 3 sai ya tafi a wucewa ɗaya, kuma gawon nan shi ne abincin dabbobi da rani.

Wanda ya ce lalle sai tarakta a jigawarsa, to ya kafa sanda jikin kowane toho tun kafin ta zo. Ya tsaya da kansa a gonar, ya ce wa direba kada faifan ya nutse ƙasa sosai.