Ƙananan Ƙwayoyin Tangaram Masu Rigar Folima da Yadda Ake Daidaita Girmansu

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san cewa baƙin tukunya shi kaɗai ba ya zama tawada. In an dama shi da ruwa zalla, sai ya dunƙule ya kwanta a gindin kurtu. Sai an sa masa ƙaro sa'an nan yake bin ruwa, ya kama alƙalami. Dalili kuwa shi ne, ƙaro yana cikin sinadaran da masana ke kira folima, watau masu siffar dogon zare, kuma zaren nan ne yake naɗe kowace ƙwayar baƙi ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. Wannan dabara ce masana kimiyya suka faɗaɗa, suna ɗinka wa ƙwayoyin tangaram riga.

Abin da ake nufi da tangaram a nan ya wuce kwanon sha. Ya haɗa da silika, wadda ita ce asalin yashi, da maganatayit, watau baƙin sinadarin ƙarfe mai maganaɗisu. Ana auna ƙwayoyinsu da nanomita, wadda ita ce kashi ɗaya cikin kashi biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ɗaya yakan kai wajen nanomita 80,000, alhali ƙwayoyin da ake magana a kansu yawancinsu ba su wuce nanomita 100 ba.

Muhimmancin girma

Girman ƙwaya shi ne yake yanke mata halinta. Maganatayit da ya gaza kimanin nanomita 20 yana amsa kiran maganaɗisu in an kusanto da shi, amma da an janye sai ya saki, ba ya riƙe kome. Wanda ya fi haka girma kuwa yana riƙewa, ƙwayoyinsa su jawo juna su dunƙule, abin da yake da haɗari ƙwarai in a cikin jijiyar jini ne. Har wa yau, ƙwayar da ta gaza wajen nanomita 6 ƙoda tana tace ta ta fita da fitsari, wadda ta haura 200 kuwa saifa da hanta suke kamawa. Saboda haka maganin da ƙwayoyinsa suka bambanta da girma, haƙiƙa magunguna ne dabam-dabam a kwalba ɗaya, likita kuma ba zai iya sanin inda kowanne zai nufa ba.

Raba haihuwa da girma

A shekarar 1950 Victor LaMer da Robert Dinegar na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka bayyana ƙa'idar da ake bi har yau. Ƙwayoyi suna samuwa ne a mataki biyu: haihuwa, sa'an nan girma. In ana so su zo daidai, dole ne a haife su gaba ɗaya cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, daga nan a hana sabuwar haihuwa, sauran sinadarin da ke cikin ruwan ya zama abincin waɗanda aka riga aka haifa. Misalinsa kamar gero ne da aka shuka da ruwan fari ɗaya, yakan tashi kai ɗaya. Wanda aka yi ta shukawa jefi-jefi kuwa, wani na bununi wani bai kai gwiwa ba. Daga nan ne kuma ake sarrafa girma: in an haifi ƙwayoyi da yawa, abincin kowace ya ragu, su tsaya ƙanana, in kaɗan ne, su yi girma.

A 1968 Werner Stöber da abokan aikinsa a Jami'ar Rocasta suka nuna hanya mai sauƙi ta yin silika. Ana zuba wani sinadarin silikon mai ruwa-ruwa cikin alkohol da ruwa da amoniya, a yi ta motsawa, sai ƙwayoyi mulmulallu su fito. Ta hanyar canja yawan amoniya da ruwa da irin alkohol, sun sami girma daga nanomita 50 har zuwa 2,000.

Game da sinadarin ƙarfe kuwa, a 2004 Taeghwan Hyeon da jama'arsa a Jami'ar Ƙasa ta Seyul, a Koriya ta Kudu, suka dafa shi cikin ruwan mai, suka sami giram 40 a tukunya ɗaya. Zafin da man yake tafasa shi ne linzamin girman: mai tafasa a digiri 274 ya ba da ƙwayoyi masu nanomita 5, mai tafasa a 317 ya ba da 12, mai tafasa a 365 ya ba da 22.

Ɗinka riga

Samun ƙwayoyi daidai rabin aiki ne, domin tsirararsu ba sa zama lafiya. Ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a kowane gefe, in an farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10, faɗin fatarsa yakan tashi daga murabba'in santimita 6 zuwa murabba'in mita 600, kuma duk wannan fata neman abin mannewa take yi. Ban da haka, in an daɗe ana dafuwa, ƙananan sukan narke su ciyar da manya. Cajin lantarki da ke jikin ƙwayoyin yana iya raba su a cikin ruwa zalla, amma gishirin da ke cikin jini yana kashe ƙarfinsa. Rigar folima kuwa gishiri bai cika damunta ba, gama katanga ce tsakanin ƙwaya da ƙwaya.

Hanyoyin ɗinkin biyu ne. Ta farko, a kawo zaren folima da aka riga aka yi, a ɗaura bakinsa a jikin ƙwaya. Tana da sauƙi, amma zaren da suka fara kamawa suna tare wa na baya hanya, rigar ta zama shara-shara. Ta biyu, a dasa tushen zaren a jikin ƙwayar, a bar shi ya tsiro daga can. Wannan ta samu ƙarfi bayan 1995, sa'ad da Krzysztof Matyjaszewski a Amurka da Mitsuo Sawamoto a Japan, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano yadda za a sa zaren ya riƙa tsawo a hankali kuma bai ɗaya. Da ita ake samun riga mai cika, a kuma ƙayyade kaurinta da tsawon lokacin da aka ba ta.

Kammalawa

Amfanin wannan aiki ya riga ya isa asibiti. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Feraheme, allurar ƙwayoyin ƙarfe masu rigar folima ta dangin sukari, domin masu ciwon ƙoda da ke fama da ƙarancin jini. Girman ƙwayoyinta tare da rigarsu yana tsakanin nanomita 17 da 31. Kafin a yarda da irin wannan magani sai an auna shi ta fuska biyu: da madubin lantarki, wanda yake nuna ƙwayar kanta, da kuma hasken leza da ake harbawa cikin ruwan, wanda yake nuna ƙwaya da rigarta tare. In ma'aunin na biyu ya zarce na farko fiye da kaurin rigar, to alama ce ƙwayoyin sun fara dunƙulewa, sai a koma ɗakin bincike a sake ɗinki.