Garin da Likitoci ke Zubawa a Gindin Haƙori Don Ƙashi Ya Sake Tsirowa

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoɗa, idan haƙorin magidanci ya fara girgiɗa, galibi akan ce tsufa ne, a jira ya faɗi ko a cire shi. Sau da yawa kuwa ba haƙorin ne ya lalace ba. Ciwon dasashi ne ya daɗe yana cin ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwarsa, har ya bar rami. Likitocin haƙori suna da dabarar cike irin wannan rami: a buɗe dasashi, a wanke wurin tas, a zuba wani gari mai kama da tsakin gero, sannan a ɗinke.

Garin nan ba sabon ƙashi ba ne. Aikinsa irin na dangar kara ne da duma ke bi ya hau. Jijiyoyin jini da ƙwayoyin da ke gina ƙashi su ne ke bin sa suna yaɗo. Shi ya sa siffarsa ke da muhimmanci kamar sinadarin da aka yi shi da shi.

Daga ina ake samo shi?

Hanyoyi huɗu ne: ƙashin majinyacin kansa, ƙashin wani mutum da aka tsabtace aka adana, ƙashin dabba, da wanda ake haɗawa a masana'anta. A na dabba, Bio-Oss na kamfanin Geistlich da ke Suwizalan ya yi suna. Ƙashin shanu ne da aka raba shi da kitse da furotin ta hanyar zafi da sinadarai, sai ma'adininsa kaɗai ya rage. Akwai kuma na alade da na doki, don haka majinyaci na da haƙƙin tambayar asalin abin da za a sa masa.

A na masana'anta har da gilashi. Gilashin fuskar waya an yi shi ne don kada ya narke ko ya karce. Shi kuwa wanda Larry Hench ya ƙirƙira a Jami'ar Florida ta Amurka a 1969, a hankali yake narkewa a jiki, yana sakin kalsiyam da fosfet, har ya manne da ƙashi. A 1993 aka amince da garinsa mai suna PerioGlas don aikin dasashi.

Abubuwa uku da ake dubawa

Na farko, ƙofofi. Yawancin ƙwayoyin cike suke da 'yan ramuka kamar soso. Ana son faɗinsu ya kai aƙalla maikiron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, kusan kaurin silin gashi. Manomi ya san bambancin jigawa da laka: inda ƙasa ta toshe, ruwa da saiwa ba sa ratsawa. Haka jini yake. Sai dai ramuka in sun yi yawa, ƙarfi ya ragu.

Na biyu, girman ƙwaya. A ramin gindin haƙori akan yi amfani da mai milimita 0.25 zuwa 1. In ta yi laushi kamar ƙura, jiki zai share ta da wuri. In ta yi girma, ba za ta zauna daidai a ƙaramin rami ba.

Na uku, saurin narkewa. Wani nau'in kalsiyam fosfet na masana'anta yakan narke cikin watanni, na shanu kuwa yakan yi shekaru. Idan gara ta cinye danga kafin duma ya kama, ƙasa zai zube. Idan kuma garin ya ƙi narkewa, zai tare wurin da ƙashi na gaskiya zai cika.

Ba kowane haƙori ake cetowa ba

Dabarar ta fi aiki a rami mai zurfi, matsattse, wanda ke da sauran bangon ƙashi kewaye da shi. Idan ƙashin ya zaizaye bai ɗaya, da wuya a maido shi. Shan taba da ciwon sukarin da ba a kula da shi suna rage nasara. Daka ƙashin shanu a gida a cusa a dasashi kuwa, ƙwayoyin cuta kawai zai kai wurin.

Hoton eksire ne ke nuna siffar ramin. Mai ganin jini a jikin asuwaki ko buroshi, gara ya je asibiti tun haƙorin bai fara motsi ba. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akan tura mutum sashen haƙori na manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.