Ciwon daji: Yadda jami'an walwala ke riƙe hannun majinyatan Maori

Mai karatu, duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san cewa maganinsa ba na kwana ɗaya ba ne. Allurar kemo zango-zango ake yin ta, sau da yawa duk bayan mako uku, har tsawon watanni. Gashi kuwa kusan kullum ne, daga Litinin zuwa Juma'a, na makonni a jere. Idan majinyaci ya riƙa tsallake rana, ko ya yanke zuwa gaba ɗaya, duk tsadar magani da ingancinsa sun tashi a banza. To me ke sa mutum ya juya wa asibiti baya alhali ya san ransa ne a kan layi? A wannan makon za mu leƙa ƙasar Niyu Zilan, inda wannan tambaya ta sauya yadda ake koyar da ma'aikatan lafiya.

Niyu Zilan tsibirai ne da ke kudu maso gabashin Ostireliya, masu mutane sama da miliyan biyar. 'Yan asalin ƙasar su ne Maori, waɗanda suka riga Turawa zama a can da ɗaruruwan shekaru. A 1840 shugabanninsu suka sa hannu kan yarjejeniyar Waitangi da masarautar Birtaniya, daga nan kuma filaye da mulki suka yi ta zamewa daga hannunsu. Yau kusan mutum ɗaya cikin shida na ƙasar Maori ne. Asibitin gwamnati kyauta ne a gare su kamar kowa, amma rahoton shekarar 2020 na hukumar yaƙi da ciwon daji ta ƙasar, Te Aho o Te Kahu, ya nuna cewa yiwuwar ɗan Maori ya kamu da cutar ta ɗara ta sauran jama'a da kusan kashi 20 cikin ɗari, yiwuwar ta kashe shi kuwa ta kusa ninki biyu. Dajin huhu ne ya fi yi musu ɓarna.

Dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. Kamuwa ta ɗan fi yawa, mutuwa ta ninka. Ke nan akwai abin da ke faruwa tsakanin ranar da cuta ta shiga jiki da ranar da aka kammala magani: ana gano ta a makare, ana jinkirin fara magani, wasu kuma ba sa kai wa ƙarshe.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Maori, Irihapeti Ramsden, ita ce ta fito da bakin zaren tun a ƙarshen shekarun 1980. A da ana koya wa masu jinya su kula da kowa iri ɗaya, ba tare da duban asalinsa ba. Ita kuwa ta nuna cewa wannan "iri ɗaya" ɗin al'adar masu rinjaye ce, domin su suka gina asibitin, su suka tsara dokokinsa, da harshensu ake magana a cikinsa. Ta kira tsarin da ta kawo kawa whakaruruhau, wato kulawar da majinyaci zai ji al'adarsa da mutuncinsa suna cikin aminci. Ginshiƙinsa biyu ne. Na farko, ma'aikaci ya fara binciken kansa, ya san irin zaton da yake ɗauke da shi da kuma ikon da yake da shi a kan wanda ke kwance. Na biyu, majinyaci da iyalansa ne za su ce kulawar ta yi ko ba ta yi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1992 hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar ta sa wannan darasi cikin sharuɗɗan samun lasisi, a 2019 kuma hukumar likitoci ta fitar da nata matsayin a kai. Ramsden ta rasu a 2003, ciwon daji ne kuma ya yi ajalinta.

A ina jami'in walwala ya shigo? Likita yana duba ƙari, mai haɗa magani yana duba adadin da jiki zai iya ɗauka, shi kuwa jami'in walwala yana duba rayuwar da majinyaci ya baro a gida. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Maori, Mason Durie, ya kwatanta lafiya da ɗaki mai bango huɗu: jiki, tunani, ruhi da dangi. In bango ɗaya ya tsage, ɗakin duka ya raunana. Bangwaye ukun da allura ba ta kai wa gare su, a nan aikin jami'in walwala yake. Dokar rajistar jami'an walwala ta 2003 ma ta shar'anta cewa sai mutum ya nuna ya iya aiki da Maori kafin a ba shi rajista.

Abu na farko da yake fama da shi shi ne nisa. Injinan gashi na gwamnati sun daɗe a 'yan manyan birane irin su Auckland, Hamilton da Wellington, alhali Maori da yawa suna zaune a yankunan arewa da gabas masu nisa. Wanda za a gasa na mako shida dole ya bar aikinsa, 'ya'yansa, wataƙila da tsohuwar da yake kula da ita. Gwamnati na da tallafin kuɗin tafiya da masauki, ƙungiyar agajin masu ciwon daji ta ƙasar kuma tana da gidajen saukar baƙi kusa da wasu manyan asibitoci. Sai dai takardun neman tallafin na da wuyar cikewa ga wanda aka faɗa wa mummunan labari jiya-jiya. Jami'in walwala ne ke zama da iyali ya cike su, ya nemo masauki, ya tuntuɓi ofishin tallafin marasa aiki, ya roƙi a haɗa ganin likita da gwaji a rana guda don kada a yi tafiya biyu.

Na biyu shi ne dangi. A wurin Maori, rashin lafiyar mutum ɗaya lamarin zuri'a ne gaba ɗaya, suna kiran wannan zuri'a whānau. Ba kasafai mutum ke yanke shawarar a yi masa tiyata shi kaɗai ba. Jami'in walwala kan shirya zama a ɗaki mai faɗi, dattawa su zo, a buɗe da addu'a idan iyalin na so, a gabatar da juna, sannan likita ya yi bayani da kalmomin da kowa zai gane. Wanda ya ce yana son ya koma gida ya yi shawara ba a rubuta shi a matsayin mai taurin kai.

Na uku ƙananan abubuwa ne da baƙo ba zai lura da su ba. Kai wuri ne mai alfarma a al'adarsu, saboda haka asibitoci da dama sun ware matashin kai daban da wanda ake tokare ƙafa da shi, ba a ƙetare kan majinyaci da abinci, kuma ana neman izini kafin a taɓa shi. Haka nan dokar haƙƙin majinyata ta 1996 ta ba mutum damar yanke shawara kan abin da aka cire daga jikinsa, don haka wadda aka yanke wa nono na iya neman a mayar mata da shi iyalinta su binne. Matar da ba ta san da wannan dama ba tana iya ƙin tiyatar gaba ɗaya ba tare da ta faɗi dalili ba. Tun watan Satumban 2023 kuma mace na iya ɗaukar samfurin gwajin ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa da hannunta, abin da ya sauƙaƙa wa matan da kunya ke hana su zuwa.

Akwai kuma batun da ya shafi sana'ata kai tsaye. Maori na da maganin gargajiyarsu, rongoā, na ganyaye da tausa da addu'a. A 1907 aka kafa dokar da ta takura wa masu ba da shi, ba a soke ta ba sai 1962. Al'ummar da ta ga haka ba za ta yi saurin gaya wa likita abin da take sha a gida ba. Ɓoyewar kuwa tana da haɗari, domin wasu tsirrai na sauya yadda hanta ke sarrafa magani. Ganyen nan da Turawa ke kira St John's wort, misali, yana rage ƙarfin magungunan daji irin su irinotecan da imatinib a cikin jini. Mai haɗa magani ba zai iya kare majinyaci daga abin da ba a gaya masa ba, majinyaci kuma ba ya buɗe cikinsa ga wanda zai yi masa dariya ko tsawa. Sau da yawa jami'in walwala ne ke fara jin gaskiyar, saboda shi ne ya zauna ya saurara.

Kada a ɗauka an gama gyara. Har gobe tazarar mutuwa tana nan, domin kyakkyawar mu'amala ita kaɗai ba ta maganin talauci, taba da cunkoson gidaje. Amma darasin da tsarin ke koyarwa shi ne: idan majinyaci ya daina zuwa, a tambayi abin da asibiti ya yi ko ya kasa yi, kafin a ɗora masa laifi.

Kai da ke jinyar wani a babban asibitin da ba da harshenka ake magana ba, ka sani manyan asibitocin koyarwa na ƙasarmu ma suna da sashen walwalar majinyata. Ka neme shi tun ranar farko, kada ka bari sai kuɗi sun ƙare. Ka nemi tafinta idan bayani bai shige ka ba, ka faɗa idan maman yara ta fi son mace ta duba ta, kuma ka kai wa mai haɗa magani duk wani jiƙo ko gari da majinyaci ke sha ya gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.