Tsofaffin Fiyano: Na'urorin da Suka Sauya Waƙar Hausa, Kuma Ake Sayar da Su ga 'Yan Gwangwan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota a Kafin Hausa ko Haɗeja a lokacin yaƙin neman zaɓe ya san wannan sauti: mota ɗauke da lasifika, ganga na tashi ba gajiya, sarewa na bin muryar mawaƙi tana amsa masa. Amma a ɗakin da aka naɗi waƙar babu ganga, babu sarewa. Asalin sautin wata na'ura ce mai maɓallai 61 da makaɗan Kano suka raɗa wa suna fiyano, ko da yake abin da ya haɗa ta da katafaren fiyanon katako na Turawa bai wuce kamannin maɓallai ba.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Kamfanin Yamaha na ƙasar Jafan ya cusa mata muryoyin kayan kiɗa masu yawa da kuma shiryayyun salon bugu. Makaɗi zai zaɓi bugu, hannun hagu ya riƙe gindin kiɗan, hannun dama ya bi karin waƙa. Babu kalangu ko goge ko algaita a cikin jerin muryoyin, don haka sai makaɗanmu suka riƙa laluben abin da ya fi kama da su, har da muryoyin kayan kiɗan Indiya waɗanda kunnen Bahaushe ya riga ya saba da su a silima. Daga wannan lalube aka haifi kiɗan da daga baya aka kira nanaye.

Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya daɗe yana nazarin fim da waƙar Hausa, ya bi sawun al'amarin zuwa situdiyon Iyan-Tama da ke Kano. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara aiki a can da ƙaramar Yamaha PSR-220, sannan aka sami PSR-730 mai yalwar muryoyi, wadda aka kaɗa waƙar fim ɗin Sangaya da ita a 1999. Shekarar ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Mayu sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a watan Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu. Wato a daidai lokacin da 'yan siyasa suka dawo da buƙatar mawaƙa, babban bangon kiɗan kalangu ya faɗi, ga kuma na'urar da mutum ɗaya zai zauna gabanta ya yi aikin ƙungiya guda.

Wannan ya karya wani tsohon shinge. A da, kiɗa sana'ar gado ce, kuma ɗan takara mai son waƙa sai ya ɗauki nauyin makaɗi da 'yan amshinsa da masu bugu. Da zuwan fiyano, saurayin da ubansa malami ne ko ɗan kasuwa zai iya shiga situdiyo a titin gidan Zoo da safe, ya fito da kaset da yamma. Ɗan takarar kansila ma ya sami tasa waƙar. An yi asara kuma, kada a ɓoye. Kalangu magana yake yi: makaɗi na matse tsarkiya, sautin ya hau ya sauka kamar harshe, har a gane taken wane da kirarin wane. Fiyano ba ta iya wannan ba, kuma har yau ba ta koya ba.

Hukuma ba ta daɗe ba ta gane ƙarfin abin. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma zuwa ƙarshen shekarun 2000 rikicinta da masu fim da mawaƙa ya kai ga kotu da gidan yari. An ɗaure Adam A. Zango a 2007. Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, mai situdiyon da aka ambata, wanda ya yi takarar gwamna a 2007, an kama shi a 2008 aka yanke masa hukuncin ɗauri. An kama Aminu Ala a 2009. Mai son rubuta tarihin 'yancin faɗar albarkacin baki a Arewa ba zai tsallake waɗannan ɗakunan naɗar sauti ba.

To ina na'urorin suke yanzu? Kwamfuta ta ture su. Manhajoji irin su FL Studio sun haɗiye aikin fiyano, sai tsofaffin suka koma bayan ƙofa tare da matattun makirfo da na'urorin kaset. Ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin maɓallai, wutar janareto mai hawa da sauka na ƙona cikinsu, wanda ya gaji da ajiya kuma ya kira ɗan gwangwan. A ƙasar Haɗeja akwai ƙarin abokin gaba, wato ruwa. Ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje a Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogin, ta nuna cewa abin da aka ajiye a ƙasa a ɗakin laka ba shi da tabbas, kuma iyalin da ke gudun ruwa hatsi da yara za su ɗauka tukuna.

Jikin na'urar ma ba shi ne babbar asarar ba. PSR-730 tana ajiye aiki a ƙaramin faifan filofi, kuma a irin waɗannan fayafayai makaɗa suka riƙa adana bugun da suka gyara da hannunsu don ya dace da waƙar Hausa. Kamfanin Sony ya daina yin irin faifan tun 2011. Wanda ya jiƙe ko ya yi tsatsa, abin da ke cikinsa ya tafi.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da labarin da ya nuna abin da ajiya ke haifarwa. Mamman Sani ya sayi ogan ƙirar Orla ta ƙasar Italiya a shekarun 1970, ya naɗi kaset a Yamai a 1978, kuma rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Kwafin kaset ɗin kaɗan aka buga, amma ba su ƙare duka ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, Mamman Sani ya je Turai yana kaɗawa. Abin lura shi ne, sai da baƙo ya zo daga nesa kafin aikin ya sake fitowa, kuma a wajen baƙon duniya ke saye.

Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Arewa House a Kaduna, wurare ne da aka tanada don adana tarihi, kuma jami'o'in Dutse da Kafin Hausa suna da ɗaliban da za su iya aikin. Aikin kansa ba mai tsada ba ne: a bi tsofaffin makaɗa tun suna raye, a rubuta wace fiyano ce ta kaɗa wace waƙa, a kwafe fayafayan zuwa kwamfuta da sunan masu su, a ɗora na'urorin a kan kanta nesa da ƙasa kafin damina ta gaba.