Maƙabartun Karnuka da Jimamin da Ba a Zuwa wa Ta'aziyya

Binne kare da yin kuka a kan kabarinsa tsohuwar ɗabi'a ce ta ɗan Adam, ta girmi noma, ta girmi rubutu. A shekarar 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na Jamus, suka tono wani kabari mai kimanin shekara 14,000. A ciki akwai ƙasusuwan namiji da mace, da na ɗan kwikwiyo ɗan wata bakwai ko kusa da haka. Da aka sake duba haƙoran kwikwiyon a 2018, sai aka ga alamun wata muguwar cutar karnuka da ya yi makonni yana fama da ita. Dabbar da ke cikin wannan hali ba ta farauta, ba ta gadi, ba ta ma iya neman abinci. Ke nan akwai wanda ya riƙa ba shi ruwa, yana share masa jiki, yana ɗuma shi, ba don wani amfani da zai samu ba. A tsohuwar Masar kuwa, marubucin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ruwaito cewa idan kare ya mutu a gida, mutanen gidan kan aske kai da jiki gaba ɗaya don makoki.

Maƙabartar dabbobi irin ta yau, mai layuka da duwatsun kabari, a Turai ta samo asali, cikin ƙarni na 19. A 1881 wani kare mai suna Cherry ya mutu a Landan, sai masu shi suka roƙi mai gadin wata ƙofa ta lambun Hyde Park ya bari su binne shi a filin da ke bayan gidansa. Ya yarda. Labari ya bazu tsakanin attajiran unguwar, kafin a rufe wurin a 1903 ɗaruruwan ƙananan duwatsu sun cika filin. A Amurka wani likitan dabbobi, Samuel Johnson, ya ba da wani sashe na gonarsa ta tuffa a Hartsdale, jihar New York, a 1896, yau dabbobin da ke kwance a can sun haura 70,000. Faransa ta buɗe tata a Asnières, gefen birnin Faris, a 1899.

Abin da aka rubuta a kan duwatsun ya fi duwatsun ba da labari. Eric Tourigny na Jami'ar Newcastle ya bi kaburbura sama da 1,000 a Landan da Newcastle, ya fitar da sakamakonsa a 2020. Duwatsun zamanin Sarauniya Victoria galibi suna ambaton kare ne a matsayin aboki ko amintaccen abokin zama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu magana ta sauya: masu karnuka suka fara kiran kansu uwa da uba, suna saka wa kare sunan zuriyar gidan, wasu har suna rubuta fatan sake haɗuwa da shi a lahira. A daidai lokacin ne kare ya baro tsakar gida ya shigo ɗaki, har ya hau gado.

Shaƙuwar tana da tushe a jiki. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan, Miho Nagasawa da Takefumi Kikusui da abokan aikinsu, suka auna sinadarin oksitosin a fitsarin karnuka da masu su bayan sun ɗauki lokaci suna kallon juna. Sinadarin ya ƙaru a ɓangarorin biyu. Shi ne dai sinadarin da ke ƙulla uwa da jaririnta lokacin shayarwa. Da aka gwada da kyarketai waɗanda mutane suka raina tun suna ƙanana, ba a ga haka ba. Rabuwa da abin da aka shaƙu da shi ta wannan hanya kan taɓa barci da cin abinci, wani lokaci har zuciya. Mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta kawo a 2017 labarin wata mata 'yar shekara 61 a jihar Texas da aka garzaya da ita asibiti da ciwon ƙirji bayan mutuwar karenta. Aka duba jijiyoyin zuciyarta, ba inda ya toshe. Ciwon takotsubo ne, inda tsananin tashin hankali ke raunana tsokar zuciya na ɗan lokaci.

Abu uku ke ƙara wa wannan jimami nauyi. Kare bai cika wuce shekara 10 zuwa 13 ba, don haka duk wanda ya ɗauki kwikwiyo kusan ya san shi zai binne shi. Kuma a ƙasashen Yamma sau da yawa mai karen ne ke sa hannu likita ya yi masa allurar da za ta kashe shi idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Yakan koma gida da igiyar wuyan a hannu, ya tarar da kwanon abinci a inda yake, ya yi ta tambayar kansa ko ya yi gaggawa, ko kuwa ya bari dabbar ta wahala fiye da kima. Na ukun shi ne rashin masu ta'aziyya. Ba zaman makoki, ba hutun aiki, abin da yakan ji kawai shi ne "ai kare ne, ka sayi wani." Masanin nan Kenneth Doka ya yi bayani tun 1989 a kan irin baƙin cikin da jama'a ba su ba mutum izinin nunawa ba, ya nuna cewa ɓoye shi na sa ya daɗe.

A ƙasar Hausa kuka a kan kare zai fi jawo dariya, don an fi sanin kare da gadi da farauta, ga batun najasa da tsoron ciwon hauka. Amma wanda ya zauna da mafarauta ya san yadda suke sa wa karnukansu suna, suke ɗauko wanda ya ji rauni daga daji a kafaɗa, kuma suke ambaton gwanin kare shekaru bayan ya mutu. Buzaye ma ba su ɗauki dogon karensu na Azawak kamar sauran karnuka ba. Jimamin yana nan, wurin faɗarsa ne babu. A Birtaniya kuwa, ƙungiyar kula da dabbobi ta Blue Cross ta buɗe layin waya na kyauta tun 1994 don sauraren waɗanda dabbarsu ta mutu, kuma har yau layin yana aiki.