Hitar ruwan wanka: A fara cika ta da ruwa kafin a ba ta wuta

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, wankan asuba kan zama jan aiki, magidanta da dama kuma sukan nufi kasuwa neman hitar da ake kafewa a bangon banɗaki. Sai dai wannan na'ura tana haɗa ruwa da lantarki wuri guda, don haka kuskure ƙarami wajen kafa ta na iya jawo asarar kuɗi, ko ma ta rai.

Aikin na mutum biyu ne: mai gyaran famfo da mai gyaran lantarki. Na farko zai duba ƙarfin bango, domin tanki mai lita 50 yana ɗaukar ruwa mai nauyin kilo 50, ban da nauyin kansa. Zai haɗa ruwan sanyi a bakin da ke da alamar shuɗi, na zafi kuma a mai ja. Zai kuma sanya bawul ɗin da ke rage matsin ruwa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, shi ya sa bawul ɗin kan ɗiga. Toshe shi saboda ɗigar na iya fasa tankin.

Shi kuwa mai lantarki zai ja wa hitar layinta na daban, da makunninta a wajen banɗaki. Dole ne ya haɗa wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, tare da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta zurara. Waɗannan biyun su ne kariyar mai wanka ranar da ƙarfen da ke zafafa ruwa ya tsage.

A ranar kunnawa, ruwa ake fara saki. Sai a buɗe famfon ruwan zafi a bar shi yana tofar da iska, har ruwa ya zubo ba yankewa. Sannan ne tankin ya cika, sannan ne za a danna makunni. Idan aka kunna shi babu ruwa, ƙarfen kan ƙone cikin ɗan lokaci. Masu dogaro da tankin sama su kiyaye: idan ruwan gida ya ƙare, a kashe hita, kada a kawo wuta ta tarar da ita a bushe.

Ma'aunin zafi kuma a tsayar da shi wajen digiri 60, inda ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa. Amma wannan zafin na ƙona fata, don haka a riƙa surkawa, musamman ga yara da tsofaffi.

Ɗaga zafin lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 na cin kusan yunit biyu da rabi, wanda ya kai kimanin naira 500 ga 'yan rukunin Band A a farashin shekarar 2024. Hita mai wat 1,500 na kammala wannan cikin kamar awa ɗaya da rabi, don haka kunna ta kafin sallar asuba ya wadatar, ba sai ta kwana tana cin mita ba.