Shirun Zainab da Muryar Sumayya

Fiye da shekara 50 ke tsakanin littattafan nan biyu, amma ciwonsu ɗaya ne: mai kuɗi ya shiga tsakanin masoya. A Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930, attajiri Malam Shehu ne ya aure Zainab, ya bar Abubakar da cizon yatsa. A In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Abdulƙadir ne ya zo da dukiyarsa zai raba Sumayya da Muhammad.

Inda littattafan suka rabu shi ne a bakin mace. Zainab 'yar zamanin kunya ce, zamanin da mace ba ta kiran sunan mijinta, balle ta tsaya gaban iyaye ta ce ga wanda take so. Da aka ɗaura aure, labarin ya bar ta a ɗaki, ya bi Abubakar cikin daji yana neman asirin ramuwa. Son da Abubakar ya haɗiye bai narke ba, dafi ya zama, kuma a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, ya sauka. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya tashi ɓarawo. Me Zainab take ji duk daren da ta tuna Abubakar? An bar mai karatu ya auna da kansa, kuma wannan shirun ya fi dogon kuka nauyi a zuciyata.

Sumayya kuwa ta faɗa, ta nanata, da aka ƙi saurarenta ta faɗa rijiya. An zargi marubutan Kano na lokacin, irin su Gidan Dabino, da koya wa 'yan mata fitsara da kwaikwayon finafinan Indiya. Ni ban ga fitsara ba, yarinya na gani wadda aka ƙi tambayarta ra'ayinta a kan aurenta.

A ma'aunin fasaha, Jiki Magayi ya fi iya ɓoye abu ya bar shi yana ci a rai. A ma'aunin adalci, Gidan Dabino ne a gaba, domin ya ba mace baki. Marubutanmu na yau, ku bar wa Sumayya muryarta, amma ku rage zuba kalaman so shafi bayan shafi. Ku nuna mana abin da ta kasa faɗa.